Ɓawon Fenti a Bakin Ƙofa

Janareta aka ce an sace, ba kaza ba. Ƙaton abu wanda ko ƙarti goma suka taru ba za su raba shi da ƙasa ba, amma wai ƙanina ne ya yi sama da shi, mutumin da ko bokitin ruwa ya ɗauka sai ya zauna ya huta.

Matarsa ce ta kawo min labarin, ko sallama ba ta tsaya yi ba.

"Yaya, sun tafi da shi. Ko maganinsa na suga bai ɗauka ba."

Ƙanin nawa gadi yake yi a cibiyar masu walda, ɗaya daga cikin cibiyoyin sana'a uku da majalisar birni ta gina da tallafin hukumar raya yanki. An ce kowace cibiya da nata janaretan, masu sana'a za su samu wuta, gari zai bunƙasa. An taru an tafa, an ɗauki hoto, wuta kuwa har yau ba wanda ya gan ta. Ni sana'ata bin sawu ce. A da shanu nake bi, da gine-gine suka cinye makiyaya sai na koma bin babura da awakin unguwa. Na zura takalmina na fita, raina a ɓace.

*

Na tarar da cibiyar cike da jama'a, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce dama tsohon nan shirunsa ya yi yawa. Wata ta ce ta ga ɗansa da sabon takalmi. Mutanen da jiya suke gaishe shi da ladabi, yau su ne masu ba da tarihin satarsa.

A bakin ɗakin janareta wata mata ce tsaye, doguwa mai tabarau, kowa Malama yake ce mata don ta daɗe tana koyarwa kafin a zaɓe ta kansila. Ita ce sabuwar shugabar kwamitin da ke sa ido kan kuɗin birni. A gefenta Injiniyan majalisa ne, yana ta share gumi.

"Kai ne mai bin sawun?" in ji ta. "An ce min wan mai gadin ne kai."

"Wansa ne ni, ranki ya daɗe. Amma ƙasa ba ta san ɗan'uwa ba, abin da ta faɗa min shi zan faɗa miki."

"To duba. Ni na zo jiya ba tare da na sanar da kowa ba, don in ga kayan da idona. Aka buɗe ɗaki, wayam."

"Ni na fara ihu!" Injiniya ya cafe. "Ni na ce a kama shi. Makulli a hannunsa yake."

Na roƙi jama'a su ja baya, duk da sun riga sun tattake rabin abin da nake nema. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau, da makulli aka buɗe shi, kuma wannan bai yi min daɗi ba. A ƙasa ga layin bututun da aka gangaro da janaretan a kai. Ga sawun babbar mota, tayar baya ta hagu da faci. Ta shigo da baya a tsanake, ta gyara tsayuwa har sau biyu. Ɓarawo ba ya gyara tsayuwa.

A jikin ginshiƙin ƙofar waje na ga inda kayan ya gogi siminti wajen fita. Wani ɓawon fenti shuɗi ya maƙale a wurin, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba. Na ɓamɓaro shi na jefa a kwalin ashana, don ɗabi'ata ce, ba don na ga wani abu a jikinsa ba.

*

A ofishin 'yan sanda suka bar ni na gan shi ta bayan ƙarfe. Leɓensa ya bushe. Na miƙa masa maganinsa.

"Wa ka buɗe wa ƙofa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Tun kana yawo ba wando nake gane ƙaryarka. Wa ka buɗe wa?"

"Yaya, a bar kaza cikin gashinta."

"Kazar uban wa? Kai ne a ciki, ba kaza ba!"

"Ka koma gida, don Allah. An ce ba zan daɗe ba."

"Wa ya ce?"

Daga nan ya kulle bakinsa. Na fito ina jin kamar in koma in ƙwaɗa masa mari, kuma ina jin kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

*

Duk garin sun riga sun yanke cewa ɗan gwangwan ne ya sayi kayan. Shi ne mai filin tsofaffin ƙarafa a bayan tasha, kuma ba yau aka fara kiransa ɓarawon zaune ba. Yana da babbar mota, don haka na nufi can da kyakkyawan zato, in dai ana kiran wannan kyakkyawa.

Na same shi yana auna tagulla. Ya gan ni ya yi dariya.

"Ai na san za ka zo. Ko akuya ce ta yi ɓari a garin nan, ni ne. Ga motar can, je ka shinshina."

Na duba tayoyin. Duk sun suɗe, amma babu faci ko ɗaya. Ciyawa ma ta fito a ƙarƙashin motar, ta daɗe ba ta motsa ba. Akwai wani shuɗin ƙarfe a cikin tarin kaya, na jawo shi, ashe murfin tsohon firji ne.

Na zauna a kan wata taya. Na fito da kwalin ashana ina juya ɓawon fentin a tafin hannu, don rashin abin yi. Ɗan gwangwan ya leƙo.

"Wannan daga jikin me?"

"Janaretan."

"Haba dai. Ba sabo aka ce an sayo ba?" Ya karɓa ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya. "Sabon inji fentinsa siriri ne, na kamfani. Wannan da buroshi aka yi shi, kuma hawa-hawa ne. Dubi gefensa."

Na duba. Shuɗi a sama, kore a ƙarƙashinsa, sai rawaya, sai kuma shuɗi, haka dai suka yi ta hawa kan juna. Na mayar da shi kwali. A lokacin ban gane komai ba, na ɗauka dai tsohon inji aka sayo aka ce sabo ne, wanda wannan ba labari ba ne a garinmu.

*

Na koma cibiyar na tsare shugaban masu walda. An ce ya taɓa yin faɗa da ƙanina, har ya rantse sai ya kwashe janaretan ya kai shagonsa tunda an ƙi kunna shi.

"Na faɗa," in ji shi. "Fushi ne. Ka ga shagunan nan? Haya muke biya muna kallon bango. Amma ina zan kai shi, aljihuna?"

"Ranar da abin ya faru kana ina?"

"Ina nan."

"Ba ka ga mota ba?"

Ya ɗauki wani guntun ƙarfe yana gogawa, alhali ba abin da ke jikinsa.

"Ni walda na sani, Baba. Ban san mota ba."

Mutumin da bai ga komai ba cewa yake bai gani ba. Wannan cewa ya yi bai san mota ba. Na bar shi da ƙarfensa.

Sawun motar ya hau kwalta ya ɓace, kamar yadda na zata. Amma mota mai dogon kaya ba a ƙasa kaɗai take barin sawu ba. Na daina kallon ƙasa na koma kallon sama. A kwanar farko reshen bishiya ya karye, ganyen bai gama bushewa ba. Can gaba an ɗaga wayar wuta da gora, an manta gorar jingine da bango. Motar ta bar babban titi ta bi lungu, inda ido bai da yawa.

A ƙarshen lungun na tarar da wata mai wankau tana ƙulla igiyar shanyarta da ta ratsa daga gidanta zuwa falwaya, tana zage-zage ita kaɗai.

"Sannu da aiki, Inna. Mota ce ta tsinke miki?"

"Wace ce in ba ita ba? Motar majalisa mai tsinannen ƙaho. Da rana tsaka fa, kayan mutane na shanye! Dubi igiyar nan, duk ƙulli ce. Kowane ƙulli wucewarsu ɗaya."

Na bi igiyar da ido. Ƙulli ne birjik, wasu sun yi baƙi don tsufa, wasu sababbi.

"Me take ɗaukowa?"

"Oho musu. Wani ƙaton abu a lulluɓe da tamfol. Yau su yi nan da shi, gobe su yi can. Ni dai a biya ni igiyata."

Na ɗaga kai na dubi gaba. Lungun nan in ka bi shi ka fita, cibiyar teloli yake kai ka.

*

Cibiyar teloli komai nata kore ne, ƙofa da tagogi, kamar yadda ta masu walda take shuɗiya, ta kafintoci kuma rawaya. A bango har yanzu akwai ƙyallen maraba da baƙi daga hukumar raya yanki, waɗanda suka zo duba aiki jiya. Jiya, ranar da Malama ta yi wa masu walda dirar ba-zata.

Ƙofar ɗakin janareta a buɗe take kaɗan, an tokare ta da dutse don warin fenti ya fita. Mai gadin wurin wani tsoho ne, da na dube shi sai na ga kamar ƙanina ne a wata rigar. Na ce masa inuwa nake nema. Ya dube ni, ya san ƙarya nake, ya kau da kai.

Ga janareta kore shar, yana ƙyalli. Na danna farce a jikinsa, farcen ya shiga. Na zagaya kusurwar baya, na sami inda aka goge shi, an shafe da sabon fenti amma ramin yana nan. Na fito da ɓawona na ɗora, ya zauna daram. A bakin bututun hayaƙin kuwa zanzaro ya gina gidansa, ya bushe, ba a taɓa kunna injin nan ba.

Janareta ɗaya ne a garin. Shi ne shuɗi, shi ne kore, shi ne rawaya. Duk inda masu duba aiki za su je, sai ya riga su zuwa ya sa rigar wurin.

Da na fito, tsohon ya ce min a hankali, "Ni ban ga ka shiga ba."

*

Malama ta tara su a ɗakin kwamiti, ɗaki mai dogon tebur da fanka da ba ta juyawa. Ga Injiniya, ga direban motar majalisa, ga shugaban masu walda, ga Ma'ajin majalisa, wani mutum mai sanyin murya da ban taɓa ganin ya yi sauri ba. Ɗan ƙanina ya biyo ni, magidanci ne da 'ya'ya biyu, ba shi da aikin yi tun da aka rufe kamfanin da yake lodi. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Na ajiye ɓawon fentin a kan tebur na faɗi abin da na gani, tun daga facin taya har zuwa igiyar mai wankau. Ina magana ina jiran wani ya tashi ya ce ƙarya ne. Wallahi na shirya wa musu, na ma ƙosa a yi shi.

Ba wanda ya musa. Direba ya ce shi inda aka aike shi yake zuwa. Injiniya ya kalli fanka. Ma'aji ya jawo ɓawon da yatsa ya duba, ya tura min abina.

"Aikinka ya yi kyau, Baba. Haka ne."

Malama ta cire tabarau. "Haka ne? Abin da za ka ce ke nan?"

"To me zan ce, ranki ya daɗe? Ni ma haka na zo na tarar. Kuɗin sauran biyun, wani ya tafi albashin masu shara da aka daɗe ba a biya ba, wani ya tafi inda ban isa in tambaya ba. Tun daga lokacin muke lallaɓa abin nan, ba wanda ya ji ciwo. Duk mai zuwa duba aiki yakan sanar, mu shirya masa. Ke ce kika zo ba sanarwa, ranar da baƙin hukuma suke wurin teloli. Inji ɗaya ba ya tsayawa wuri biyu. Kika tarar da ɗaki wayam, dole a ce wani abu."

"Shi ne kuka ce sata."

"Injiniya ne ya ruɗe ya faɗa. Da ya faɗa kuma, ta zauna."

Na ga fuskar matar nan ta canza. Ta dube ni, ta dubi ɗan ƙanina. "Ke nan ni na jawo masa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"To yanzu an gane," na ce. "A je a fito da shi. Mutumin nan ba shi da lafiya."

"In aka fito da shi, ba a yi sata ba ke nan," in ji Ma'aji. "In ba a yi sata ba, ina janaretan masu walda? Hukuma za ta tambaya. Ranar da ta ji amsa, ta rufe mana famfo. Kashi na biyu na tallafin, wanda da shi za a jawo wutar gaske, ya tafi gari na gaba. Da gyaran kasuwa, da magudanar ruwa, duk su bi shi. Sata kuwa ƙaddara ce, hukuma ta san ana yi, har takan taimaka a maye gurbi."

Na juya wajen shugaban masu walda, don shi ne talaka irina a ɗakin. Shi ne kuma ya ƙarasa ni.

"Baba, ka yi wa Allah ka yi haƙuri. Mu fa mun san motar. Duk mun san ta. Amma in tallafin nan ya tafi, mun mutu. Mutum nawa ne ke jiran wutar nan da iyalinsu? Shi kuma an ce ba zai daɗe ba."

"Kun san ta, kuka tsaya kuna zaginsa a bainar jama'a?"

Ya koma kallon tebur.

"Kuma ai ya riga ya amsa laifinsa a gaban alƙali da safiyar nan," Ma'aji ya ƙara, kamar mai ba da labarin ruwan sama. "Ba tilasta shi aka yi ba. Uba ne, ya nemi alfarma guda, an yi masa."

Sai a lokacin na waiwaya bakin ƙofa. Ɗan ƙanina yana kallon takalminsa. Sabo ne, irin na ma'aikatan majalisa. Matar nan da na ji tana faɗa a cikin taro ba ƙarya ta yi ba, ni ne mai bin sawun da bai duba ƙafar gidansu ba.

*

A yi wa Malama adalci, ta kai maganar gaban majalisa. Suka saurare ta, suka gode mata, suka mayar da ita shugabar kwamitin lambuna da wuraren shaƙatawa. Ni ma na yi ta yawo da kwalin ashanata daga ofis zuwa ofis, har masu gadi suka fara gane ni suna cewa oga ya fita. Masu walda suka daina gaishe ni. Mai wankau ce kaɗai ta yarda za ta yi shaida, ita ma ba wanda ya kira ta.

Ƙanina bai fito ba. Wanda ya ce masa ba zai daɗe ba, ba shi ne alƙali ba. Duk zuwan da na yi sai in ga ya ƙara ramewa, ƙafarsa ta kumbura, idonsa ɗaya ya fara hazo. Ba ya tambayata komai sai abu guda, a kan ɗansa: "Yana zuwa aikin kuwa?" In ce yana zuwa. Sai ya gyaɗa kai, ya ce to alhamdulillahi.

Da tallafin maye gurbi ya iso, aka yi taro a cibiyar masu walda, aka kawo sabon janareta ja wur. An tafa, an ɗauki hoto. Ban je ba, sai bayan an watse na bi ta wurin. Ban ko shiga ɗakin ba. A bakin ƙofa ga sawun taya mai faci, ta shigo da baya, ta gyara tsayuwa. Tsohon janaretan ne dai ya sake riga.

Ɗan ƙanina yana zaune a kan bencin ubansa, da rigar gadi da ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya tashi ya ba ni wuri, na ƙi zama.

"Baffa," ya ce, bai yarda mun haɗa ido ba. "An ce baƙi za su je wurin kafintoci. In motar ta zo, in buɗe ko kada in buɗe?"

Na buɗe baki in ce kada ka buɗe. Sai na tuna 'ya'yansa biyu, na tuna wanda ke kwance a kan siminti don ya samu bencin nan. Tunda nake ban taɓa bin sawu na rasa abin faɗa ba sai ranar.

Daga kwanar titi muka ji ƙahon. Ya ɗan jira ni. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin.